Tunkiyar Mai Ba da Haƙuri

Yayana a asibitin dabbobi yake aiki, amma ba likita ba ne. Ba ya allura, ba ya tiyata. Aikinsa shi ne ya faɗa wa mutum cewa dabbarsa ta mutu. Don shaƙiyanci abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Albishir, sunan ya bi shi har gida. Bara saura ƙiris ya bar wannan aikin, kuma da ta ni ce da ya bari.

Tun yana saurayi aka ɗauke shi mai kama dabba. Shi ke kayar da sa, ya ɗaure ƙafafu, ya danne wuya har likita ya gama. Wata rana wani bijimi ya matse shi da bango, kwankwaso ya goce, ya tashi da ɗingishin da yake yi har yau. Tsohon likitan da ya kafa wurin bai sallame shi ba. Ya ajiye masa kujera a bakin ƙofar da ta raba ɗakin jira da ɗakin magani, ya kafa doka: wanda dabba ta mutu a hannunsa ba shi zai fita wurin mai ita ba. Ya wanke hannu, ya sha ruwa, ya karɓi ta gaba. Yaya ne zai fita. Dalilin tsohon shi ne, likitan da aka zazzage a ɗakin jira hannunsa rawa zai yi a kan dabbar da ke biye.

Tsohon ya rasu, wani babban likita ya gaje shi, doka tana nan. Yaya ya tsufa a kan wannan kujera. Ba ya faɗar maganar a tsaye. Zai je ya zauna kusa da mutum a benci, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya tambayi yaushe dabbar ta daina cin abinci, sannan ya faɗa. An zage shi, an zagi uwarmu tana kabari. Wata mata ta taɓa jefa masa matacciyar kaza a ƙirji. An bar jaki ana dukan taiki, shi kuma taikin ya karkaɗe riga ya koma kujerarsa.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne farkon damina. Awaki su kama zawo da tari, kaji su yi ta zubewa, layi ya fita har titi. Ɗakin jira ya cika da warin fitsari da jiƙaƙƙiyar igiya. Ma'aikatan ba su da yawa: babban likita, ƙaramar likita da ba ta daɗe da gama karatu ba, mai allura, sai mai shara. A irin wannan lokaci Yaya ne ke lura da wanda bai ci komai ba. Zai leƙa ya ce wa mai allura, "Kai, ƙato, fita ka sa wani abu a cikinka kafin ka yi wa kanka allurar akuya."

"Baba, in na fita wa zai yi aikin?"

"Wane aiki? Tun safe neman jijiya kake kamar mai neman kuɗin da ya faɗi a kasuwa."

Su yi dariya, ya fita, ya dawo mutum.

Yaya yana da tunkiya ɗaya a gida, jikar tumakin da uwarmu ta bari. Duk sauran sun ƙare, ita ta rage. A tsakiyar wannan hada-hadar naƙuda ta kama ta, ɗan ya ƙi fitowa. Ni na riƙe ta a mota muka kai ta asibitin da safe, na koma gida. Ƙaramar likita ta karɓe ta ta ce, "Baba, taka ce, ai ba sai an ce komai ba." Ya koma kujerarsa, don layi ba ya jiran kowa.

Abin da ya faru a ciki daga bakin ƙaramar likitar na ji daga baya. Ta yi wa tunkiyar tiyata, ta ciro ɗan da rai, uwar ta zubar da jini ta mutu kafin azahar. Ta wanke hannu kamar yadda aka saba, ta sha ruwa, sai ta tsaya. Mai fita ya faɗa shi ne mai dabbar.

Ta ce, "Wa zai faɗa masa?"

Mai allura ya ce, "Ni dai ba ni na yi aikin ba."

"Ai shi ya sa kai ya kamata ka je. Wanda ya yi ba ya fita."

"Likita, a nan gidan mutum ɗaya ke fita, kin san shi."

Mai shara ta ce ita hawan jini gare ta. Sai babban likita ya raba gardama, ya ce, "A bari layi ya ragu tukuna. In muka faɗa masa yanzu, wa zai tare mana ƙofa?"

Wannan maganar ce har yau na kasa yafewa. Mutum mai furfura, mai ilimi, ya auna ya ga baƙin cikin Yaya zai iya jira, layi ne ba zai iya ba. Suka rufe tunkiyar da buhu. Ɗan kuma, da ya dame su da kuka, suka sa shi a kwali suka kai ɗakin ajiyar magani suka ja ƙofa.

Suka ci gaba da aiki. Sauran dabbobi ba su fasa mutuwa don ta Yaya ta mutu ba. Mai allura zai zuro kai ya ce, "Baba, akuyar mai baƙar hula ta tafi," ya janye kan da sauri kamar kunkuru. Yaya ya tashi, ya ja ƙafa, ya je ya zauna kusa da mai baƙar hula ya ba shi haƙuri. Haka aka yini. Duk wanda zai wuce ta gabansa sai ya ƙura wa wayarsa ido.

Da mutum na ƙarshe ya tafi, Yaya ya tura ƙofar ya shiga da kansa. Bai kalli buhun ba. Ya ce, "Ina ɗan?" Aka nuna masa. Ya naɗe shi a rigarsa ya fito.

A gida na tare shi da tambaya. Ya ce, "Tun azahar na sani. Ɗan tunkiya in ya yi kuka uwar tana amsawa, ko da tana gargara. Na ji yana ta kira, ba a amsa ba."

"To me ya zaunar da kai, Yaya?"

"Jira nake in ga wa zai fito."

Washegari bai je aiki ba, jibi ma haka. Yana zaune a tsakar gida yana ba ɗan madara da kwalba. Babban likita ya aiko da katan ɗin lemo da wata takarda a cikin gilashi, wai gwarzon ma'aikaci. Ihu bayan hari. Lemon jikoki suka shanye, takardar tana bayan akwati. Na ce wa Yaya ya isa haka, 'ya'yansa sun girma, ba zai rasa abin ci ba. Wanda ya ɗauki zagin duniya a kansa don su yi aiki cikin natsuwa, a ce a cikinsu an rasa mai tako ɗaya zuwa kujerarsa? Sai na ga ya wanke rigar aikin ya ninke ya sa a ƙasan kaya.

Wata rana da yamma sai ga ƙaramar likita, ta rame, idanu sun faɗa. Na ba ta tabarma ba don ina so ba. Ta ƙi zama, ta tsaya a kansa ta fara zuba bayani: yadda ɗan ya kwanta a karkace, jijiyar da ta fashe, ƙarin ruwan da ta sa. Ashe tunda ta fara aiki ba ta taɓa faɗa wa kowa irin wannan magana ba.

Yaya ya ce, "'Yata, zauna."

Ta zauna. Sannan ta ce, "Baba, tunkiyarka ta mutu a hannuna. Na san tun azahar, na kasa fitowa."

Ya ce, "To. Yanzu na ji."

Ta fashe da kuka. Kun san wa ya ba wa haƙuri? Shi. Tunkiyarsa, ta gadon uwarsa, shi ne kuma ke cewa kwananta ne ya ƙare, ba hannun likita ba. Na tashi na shiga ɗaki kafin bakina ya jawo mini.

Ina jin su ta taga. Ya ce, "Wa ke bakin ƙofa yanzu?"

"Juyi muke yi. Jiya ni ce. Wani ya ce ko takardun nawa saya na yi. Na koma ciki na kasa zare allura."

"Ƙaton fa?"

"Shi cewa ya yi in ba ka dawo ba zai koma sayar da taya."

"Taya ma sai ya nemi inda ake hura ta ya rasa."

Ta yi dariya da majina a hanci. Daga nan na san an gama da ni.

Da ta tafi na ce, "Yaya, za su sake yi maka."

Ya ce, "Ba ni da wata tunkiyar."

Ya koma, amma da sharaɗi. Shi zai ci gaba da faɗa, shi zai sha zagin, sai dai wanda dabbar ta mutu a hannunsa zai fito ya tsaya a bayansa, ko da bai buɗe baki ba. Babban likita ya ce hakan zai ci lokaci. Yaya ya ce to a nemi wani. Ba a nema ba. Ɗan tunkiyar kuma ya tafi da shi asibitin a kwali, ya ce tunda sun iya ɓoye shi, su iya shayar da shi, kowa da juyinsa.

Yanzu ƙaramar likita takan fito ta tsaya a bayansa. Mai allura yana fitowa, yana sosa ƙeya. Babban likita kuwa, in ta mutu a hannunsa, sai a ce yana amsa waya. Gidanmu ma har yau bai taka ba.