Mutum Goma Don Muhandis

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani injiniyan ruwa a Riyadh, dattijon Bature mai sanƙo, wanda kowa a kamfani ke kira Muhandis. Sai a shekara ta biyu na san Bayahude ne. Bai taɓa shelantawa ba, ni kuma ban tambaya ba. Na dai lura ba ya cin nama, kuma duk yammacin Juma'a sai ya ce in tsaya masa a kanti ya sayi kyandir. Ranar da ya faɗa mini muna cikin cunkoson unguwar Batha. Na ce, "To Yallaɓai, da ma ba a bayanka nake shirin bin salla ba." Ya yi dariya har da tari.

Tun daga ranar bakinsa ya buɗe, kuma ba shi da hira sai ta jama'ar majami'arsu ta can ƙasarsu. Duk wata suna turo masa labaran jama'ar ta waya, ya riƙa karanta mini ko na so ko ban so ba. Tsofaffi sun sha shayinsu na Talata. Yara sun yi wasan kwaikwayo da gemun auduga. Rumfar ganyen da suke kafawa sau ɗaya a shekara, su yi mako suna cin abinci a cikinta, bana iska ta kayar da ita, shi kuwa ya rantse don ba shi ya ɗaura ba ne. Ni da ban taɓa ganin mutanen nan ba, sai da na san wace ce mai cika gishiri a miya, da wanda ke ɓata wa mawaƙa amshi.

Nasa aikin a cikinsu na mutuwa ne. In an yi rasuwa, shi ke bin mutane da waya, ya tsara mai kai abinci gidan makoki da masu zuwa zama. Ya ce a wurinsu mai makoki ba ya dafa wa kansa, kuma akwai addu'ar da ɗa ke yi wa mahaifansa wadda ba ta yiwuwa sai mutum goma sun taru. Ya fi shekara ashirin yana haɗa wa mutane goman nan.

Ana gobe Babbar Salla mahaifiyarsa ta rasu. Fasfonsa na wurin kamfani ana sabunta masa iƙama, wato takardar zama, ofisoshi kuma duk sun tafi hutu, ba halin tafiya gida. Su ma kamar mu ba sa ajiye gawa, washegari aka binne ta. Da na je gidansa a unguwar Murabba na tarar da shi zaune a ƙasa, ya yage wuyan rigarsa, ya rufe madubi da zanen gado, irin makokinsu. Ba kowa a gidan. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai, na fito ina jin kamar ni na yi masa laifi.

A unguwar Manfuha muke kwana, mu tara a gida ɗaya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Na tara su bayan azahar na faɗa musu komai, har da addininsa, don ba zan kai mutum inda bai sani ba. Biyu suka ce ba da su ba, ban kuma ja da su ba. Sauran suka zuba wa Baba ido, wani dattijon magini ɗan Damagaram wanda ba a yanke shawara a gidan sai da shi.

"Bayahude ka ce?"

"Shi ne, Baba."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Uwa tai ce ta rasu?"

"Ita ce."

"To uwa ai uwa ce. Mutum nawa ka ce ana so?"

Da ni da Muhandis da shidan da suka yarda, mun zama takwas. Muka ƙwanƙwasa wa maƙwabta, muka samo wani tela da wani direban tankar ruwa. Na dafa ƙwai da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, tunda ya taɓa ce mini su ake fara ba mai makoki, muka sayi gurasa a hanya. Ina tuƙi ina jin kaina, wai ga wanda ya san addinin mutane.

Bayan la'asar muka shiga, kowa da kayan Sallarsa, muka cire takalma muka jeru a ƙasa. Muhandis ya bi mu da kallo, na ga leɓensa na motsi yana ƙirga. Da ya kai kansa ya tsaya, ya dube ni.

Na ce, "Goma cif, Yallaɓai. Sai ka yi addu'arka."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, ban san dariya yake ko kuka ba. Ashe duka biyun ne. Da ya samu kansa ya ce mini a hankali, goman nan sai Yahudawa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kwaso mutane ranar Salla, sun bar naman layya a kan wuta, a kan abin da ban gane ba. Na fassara musu ina kallon kafet, na fara lalubar makullin mota.

Baba bai motsa ba. Ya tura wa Muhandis kwanon ƙwai, ya ce da ni, "Addu'a tasu ce, zama kuwa na kowa ne. Tambaye shi, uwa tai wace irin mace ce?"

Muhandis ya fi awa yana magana. Ita ce mai raba kujeru a shayin Talata, tana da shekara casa'in tana kiran 'yan saba'in tsofaffi. Da ya gama sai Baba ya ce shi ma yana kan gini a garin nan aka bugo masa waya cewa tasa uwar ta rasu. Ya sauko ya yi salla raka'a biyu, ya koma ya ci gaba da jera bulo, don kankare ba ya jira. Mun shekara biyar muna cin tuwo kwano ɗaya da shi, ban taɓa jin wannan ba.

Muhandis ya matso kusa da shi ya ce in tambaye shi, ita wace irin mace ce. Baba ya gyara zama. Sannan ya fara, ni kuma ina fassarawa.

Da aka kira magariba muka miƙe. A bakin ƙofa Muhandis ya riƙo hannun rigata, ya tambaya cikin jin nauyi ko wani zai iya leƙowa gobe, ko da mutum ɗaya ne, don su kwana bakwai suke zama.

Baba na saka takalmi, bai ko ɗago ba. "Gaya mishi mu ma har bakwai muke kaiwa. Ni ban samu na yi nawa ba."