Kwalaben Warra

'Yan shekarun baya, ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a Yelwa ta jihar Kebbi, sai ga wasu masu bincike daga wata jami'a a lokacin dogon hutu. Suna neman malamin da ya iya riƙe madubin likita. Shugabansu, wani Dokta mai yawan duba agogo, ya ce so suke su koya wa kwamfuta gane ƙwan tsargiya a cikin fitsari. Suka ba ni farar riga. Wallahi kaina ya kumbura, har kasuwa na shiga da ita.

Mutanen bakin ruwa ba sa miƙa wa baƙo fitsarin 'ya'yansu, kowa ya san abin da mugu ke iya yi da shi. Don haka ni aka tura Warra, tunda inna 'yar can ce. Na bi masunta gida gida, na zauna a kan tabarminsu, na yi rantsuwa cewa duk yaron da aka samu da cutar za a dawo a ba shi magani. Da bakina na faɗa, ba wanda ya shaƙe ni.

Da rana tsaka muke karɓa, lokacin da ƙwan ya fi fita. Na rubuta sunan kowane yaro da na mahaifinsa a jikin kwalba. Da Dokta ya gani sai ya ɓata rai, ya ce doka ta hana, sirri ne, lamba kawai ake sawa. Na tambayi yadda za a gane mai ita, ya ce akwai tsari. Na sa sabulu na wanke sunayen da hannuna. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Sauran hutun a ɗaki na cinye shi. In ɗiga, in leƙa, a ɗauki hoto, in zagaye ƙwan a fuskar kwamfuta. Ƙwan dogo ne, da 'yar ƙaya a gindi. Da farko kwamfutar ko zaren auduga ta gani sai ta ce ƙwai ne, daƙiƙiyar ɗaliba ce ta gaske, amma ta koya. Wata kwalba ja ce kamar zoɓo, ƙwai a ciki har suna hawa kan juna. Dokta ya tafa, ya ce bai taɓa samun hoto mai kyau irin wannan ba. Ni kuwa ban san ko fitsarin wane yaro ne ba.

Tsarin da ya ce akwai, babu shi. Suka kwashe kayansu, suka bar mini takardar yabo. Na rubuta wasiƙu har na gaji.

Bayan an koma makaranta, wani masunci daga cikin mutanen Warra ya tare ni a kasuwar kifi ta Yelwa. Muka gaisa, ya ce ɗiyarsa har yanzu fitsarin jini take yi, me injin ya gani? Na shiga yi masa bayanin lamba da sirri da doka, ina jin kunyar muryata. Ya bari na gama tsaf.

"Malam," ya ce, "mu ba mu san wani inji ba. Kai munka ba."