Tanar da Baba Ke Zaɓa

Jiya ina noma kusa da tabkin Cadakori, hauyata ta tono tana, sai Baba ya faɗo mani a rai.

A bakin tekun Kwatano ya koyi fatsa, lokacin da yake zuwa cirani. Da ya dawo gida, ya koma kamun tarwaɗa a tabki. Yakan ɗebo tana a tafin hannu, laka na wari, ya tsaya yana dubawa. Wadda ta kwanta lamo sai ya maida ta gwangwani. Yakan ce, "Kifi ba ya son gawa. Mai fizge-fizge ake sawa a ƙugiya."

Haka ya yi da mu. Ni ne babba, ban taɓa yi mashi musu ba, amma ƙanena Sani mai taurin kai ya tura Kwatano. Na ce, "Baba, ni fa?" Ya ce, "Zauna, gona na son mai haƙuri."

Na zauna, ni na yi jinyarsa. Ran da zai cika, ya riƙe hannuna gam, ya ce, "Sani, ka iso?"

Na ce, "Na iso, Baba."

Allah ya jiƙan ka, Baba. In mun haɗu can, Allah ya sa ka kira ni da sunana.