Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Ni dai tun ina yaro ba na iya ganin wuri a shafe sumul in bar shi haka. In aka ajiye mini tuwo sai na ja masa layi da yatsa kafin in kai loma. In aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa sai na bi da tsinke. Na sha ranƙwashi a kan haka har kaina ya saba. Yanzu ga furfura a gemuna, ina koyarwa a wata firamare a Funtuwa, amma halin yana nan bai je ko'ina ba.

Babban filina shi ne bangon ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a ƙauyenmu da ke gaba da Maska. Ɗakin ƙasa ne, daga baya aka yi masa rufin kwano. Bangonsa na gabas shi ke kallon tsakar gida, shi ne kuma ruwan damina ke duka, don haka duk shekara bayan kaka sai an sake masa yaɓe. Tun rasuwar mahaifinmu aikin ya dawo kaina. Ba don na fi kowa ƙarfi ba, sai don ni kaɗai ne ke murnar zuwansa.

Da zarar an ba da hutu, masara ta shiga rumbu, sai in ɗaure jakata a bayan babur in nufi gida. Aikin ba na yini ɗaya ba ne. Sai an ɗebo jar ƙasa daga bakin kududdufi, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a kwaɓa da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Sai na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, don ruwanta ke sa bango ya yi ƙarko ya kuma yi wannan duhun ja mai kyau. Duk wannan wahala ce kawai. Daɗin yana zuwa ne bayan na shafe bangon da tafin hannu, ya sha iska kaɗan. In ka yi gaggawa lakar ta biyo yatsanka, in ka yi nawa ta ƙi karɓar komai. Akwai ɗan lokaci a tsakani da take karɓar duk abin da ka ba ta, kuma wallahi ban san wani abu a duniya da ke faranta mini rai kamar wannan lokacin ba.

Kayan aikina ba abin nunawa ba ne. Totuwar masara, in ka mirgina ta, tana barin ƙananan ramuka jere reras. Murfin kwalba yana ba da da'ira mai haƙora. Akwai wani tsohon matajin Inna da ya karye, da shi nake jan layi biyar a tare in lanƙwasa su yadda nake so. Sauran kuwa yatsa ne. Ba na tsara komai tun daga gida. In na tsaya a gaban bangon sai abin da na gani a shekarar ya fito da kansa, ko kunyoyin gona, ko ganyen auduga, ko yadda ake jera kwandunan tumatir a kasuwar Ɗanja.

Inna kuwa tana zaune a kan tabarma a bayana, tana ɓarar gyaɗa, tana yi mini tsiya tun safe har la'asar.

"Auta, wai kai ba ka jin kunya? Ɗalibanka su zo su iske malaminsu tsirara rabi, yana wasa da laka?"

"Ai ado nake yi miki, Inna."

"Ado? Wannan da ka yi a sama, mene ne shi? Kaza ce ta bi ta kai?"

Shi ke nan, zanen wannan shekarar ya samu suna: sawun kaza. Haka take yi wa kowanne. Wanda na ɓata yini ina lanƙwasa shi ina jin na kai ƙarshen gwaninta, kallo ɗaya ta yi masa ta ce hanjin rago ne. Wani ta ce rigimar 'yan gado, don layukan sun sarƙe kowanne yana jan nasa. Ban taɓa jin ta ce ɗaya ya yi kyau ba, ko da wasa. Amma da waɗannan sunaye take lissafin shekaru. In aka yi gardamar yaushe aka haifi wance, sai ta ce, "Shekarar hanjin rago ce, ina zaune nan aka zo da albishir." Kuma ba mai ja da ita.

Ana nan sai Yaya, babban wanmu, ya samu buɗi. Hatsi yake saye a kasuwar Ɗandume, shekarar kuwa masara da waken suya suka yi masa albarka. Ya kira ni a waya ya ce ya yanke shawara za a yi wa ɗakin Inna filasta da siminti, ciki da waje, a shafa fenti. Ya ce duk gidajen layin an yi, saura namu, mutane har sun fara cewa 'ya'yanta sun bar ta a ɗakin ƙasa.

"To bangon gabas fa, Yaya?"

"Shi ne ma na farko. Kai ba ka gajiya? Duk shekara ka yi, duk shekara ruwa ya wanke. Mu hutar da kai."

Na ji haushi ƙwarai, kuma abin da ya ƙara mini haushin shi ne gaskiyarsa. Me zan ce? In ce a bar tsohuwa a ɗakin da ruwa ke ci don ni in samu wurin mirgina totuwa? Na yi ta kawo dalilai marasa ƙafa, wai siminti na da zafi, wai ba ya kama ƙasa. Ya ce magini zai buga ƙusoshi da ragar waya. Na ce to Allah ya sa alheri, na kashe wayar, na huce a kan uwargidana da ba ta san hawa ba balle sauka. Ita ma dariya ta yi mini, ta ce ga bangon kicin nan in ina so.

Ranar da za a fara aikin na je, don in yi wa bangona kallon ƙarshe. Zanen bara yana nan, damina ta cinye rabinsa, wanda Inna ta sa wa suna gammon mai tallar nono. Na iske an sauke buhunan siminti a zaure, an jibge yashi a ƙofar gida, Yaya na tsaye da babbar riga yana nuna wa magini wurare. Na gaida Inna na zauna gefe, na yi kicin-kicin da fuska yadda kowa zai san ba da son raina ake yi ba. Ba wanda ya kula ni.

Magini ya gama bangon kudu, ya zagayo da ragarsa gabas. Ya ɗaga guduma ke nan sai Inna ta ajiye ƙwaryar gyaɗarta, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki sandarta. Ta taka a hankali har gaban bangon. Da bakin sandar ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, ta matsa kamar faɗin tabarma biyu ta sake jan wani.

"Malam, daga nan zuwa nan kada simintinka ya taɓa."

Magini ya dubi Yaya. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, saboda kunyar ɗan fari. Don haka Yaya ya matso ya rusuna, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Inna, ai nan ne ruwa ya fi ci. In aka bar shi, baɗi sai an sake yaɓe."

"Na sani," in ji ta, tana kallon magini kamar shi ya yi tambayar. "A gaya wa mai simintin na gode, Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Amma shi in ya zo, ko zama bai yi, motarsa na kunne a waje. Sauran ma haka, da Sallah su zo da hantsi su koma da la'asar. Wancan mai kumbura fuskar kaɗai ke zuwa ya kwana ya kwana, yana kwaɓa laka ina yi masa faɗa. In kun shafe bangon duka, mi zai kawo mini shi?"

Ni da na zo da fushina a shirye, sai na rasa inda zan sa shi. Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina wasa da wata totuwa da na tsinta a ƙasa. Yaya ya yi dariya a hankali, ya ce wa magini a yi yadda ta ce. Daren nan bai koma Ɗandume ba, a zaure ya kwana.

Haka ɗakin yake har yau, kuma ba zan ɓoye ba, bai yi tsari ba. Fenti shuɗi ta ko'ina, sai wani jan fili a tsakiya kamar an yi wa sabuwar riga faci. Baƙi kan tambaya ko siminti ne ya ƙare. A shekarar na zage na yi zanen da ban taɓa yin irinsa ba, na haɗa mataji da murfi da totuwa, na ja baya ina jiran ko yau za ta yaba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Tabon ƙyanda." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Bana ma, ruwan ƙarshe bai daɗe da ɗaukewa ba ta sa aka kira mini waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Auta, ruwa ya cinye ƙazantar nan taka tas. Yaushe za ka zo?"