Zane a Kan Zane

Maccido wanzami yana zaune a gindin tsamiya a kasuwar Illela, zabira a cinya, amma idonsa na kan wata baƙuwa mai sayar da daddawa. Doguwa ce, ba ta haura talatin ba, kuma duk wanda ya tsaya gabanta sai ta ja mayafi ta karkatar da kai.

Wanda aska ce sana'arsa ba a ɓoye masa fuska. Zanen Gobirawa ne a kumatunta, daga baki har kunne, sai dai ya yi tudu, irin wanda aka tsaga wa babba. A ƙarƙashinsa ga wata gajeruwar tsaga ta jarirai, irin ta mutanen kudu. Tun da Nasara suka hana cinikin bayi ya sha ganin haka: baiwa ta samu 'yancin kanta, sai ta nemi wanzami ya binne mata asali don kada a goranta wa 'ya'yanta.

Wata tsohuwa da ta biyo ayari daga kudu tana bin rumfuna tana duba fuskokin mata, ɗiyarta take nema da aka sace tun tana ƙarama. Ta leƙa fuskar baƙuwar, ta ce cikin gurguwar Hausa, "Wannan Bagobira ce," ta wuce.

Baƙuwar ta daɗe tana bin ta da kallo, sannan ta taso ta durƙusa gaban Maccido.

"Baba, aska na iya hidda abin da aska ta yi?"

"Ɗiyata," in ji shi, "aska ƙari ta sani, ba ta san ragi ba."