Ganuwar Kwali a Aji Bakwai

Ɗana yana aji bakwai a Silver Spring, a Amurka, lokacin da malaminsu na tarihi ya ga dama ya raba ajin gida biyu. Rabi mayaƙan Kiristoci ne da suka taso daga Turai a zamanin da, rabi mutanen Ƙudus da aka yi wa ƙawanya. Da kwali za a gina ganuwar. Da yake shi kaɗai ne Musulmi a ajin, sai aka ba shi shugabancin masu tsaron gari.

Ya same ni a kicin ina kaɗa miyar kuka, yana ta zuba da Turanci, don ba ya amsa mini da Hausa ko zan mutu. Wai an lalata rijiyoyi, an turo hasumiyar katako jikin ganuwa, an shiga an yi ta yanka har cikin masallaci. Murna yake yi, ni kuwa na ajiye maburgi.

A Kaduna na girma. Na taɓa zama a motar da matasa suka tare da tayoyi da adduna, suka ce kowa ya yi addu'ar addininsa. Abin da ya fito daga bakinka shi ke yanke maka hukunci. Shi ya sa iyayen unguwarmu suka riƙa sa yara haddace addu'ar kowane ɓangare. Da na ji za a tsayar da ɗana gaban yara ana nuna shi a matsayin wanda za a yanka, tsoro ya kama ni, na ga kamar daga nan ake farawa.

Mijina ya ce, "Wasan makaranta ne fa, Hajiya." To, shi da ya tashi a Katsina bai taɓa jin ƙaurin tayar da aka ƙona a bakin titi ba, me zai gaya mini?

Na ja yaron zuwa hawa na uku, wurin maƙwabciyata, nas ce 'yar Jos, Kirista. Na ce, "Yaya, ki koya masa addu'ar Ubangiji, da Hausa da Turanci." Ko dalili ba ta tambaye ni ba. Ta kashe talabijin, ta zaunar da shi, suka yi ta maimaitawa. Har ta ƙara masa da cewa in an tare shi kada ya yi saurin faɗin sunansa, ya fara duba abin da ke hannunsu. Yaron ya daina dariya, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar wasan na kasa cin komai a wurin aiki. Ashe ganuwa ta faɗi, yara suka yi shewa, malami ya raba musu fiza, burodin nan mai cuku. Ba wanda ya ce masa uffan.

Asabar ɗin muka nufi Wheaton sayen daddawa da busasshen kifi. An yi hatsari a gaba, 'yan sanda sun tare hanya, suna leƙa motoci suna juya su. Muna matsowa na hango ɗana ta madubi, ya manne da kujera, leɓɓansa na motsi. Da wani ɗan sanda ya nufo gilashina, yaron ya riƙo gefen mayafina, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa.

"Mama, wacce zan karanta?"