Kwamfutar da Ta Daina Gaisuwa

Jiya a shagona na Gwarzo na danna sabon ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, a cikin wata kwamfuta, ya ce ƙas, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Allah ya jiƙansa, shagon buga takardu gare shi a Kabo, da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai nawa wajen tashi. In ya kunna ta, sai ya juya ga mai jiran aiki: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina. Sai sun kai kan shanu take buɗewa. "Ita ma gaisawa take yi," in ji shi.

Da ta fara maƙalewa yana tsaka da buga wa ɗalibai takardun neman makaranta, ya aiko na je. Ina kwance murfin, ƙamshin turarensa ya bugi hancina. Na ƙara mata ram, na shiga saitinta na kunna saurin tashi. Ya danna, ko "ina gajiya" bai kai ba ta haska.

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau.

"Ɗan nan, ƙwaƙwalwa na ce ka ƙara mata, ban ce ka cire mata ladabi ba."

Dole na koma saitin na kashe saurin, ta riƙa ƙirga ram ɗinta a tsanake kafin ta buɗe. Maƙalewa kuwa ta daina. Ya ce yanzu ta zama mutum.

Allah ya sa mala'ikun rahama sun tarbe ka da doguwar gaisuwa, Kawu, wadda babu mai gaggawar gamawa.